Abubuwan da ya kamata ka sani kan koya wa yara waƙafi a Turanci

Yawancin yara da ƙa'ida guda suke fara sanin waƙafi: inda ka ja numfashi, sa shi. Tana da sauƙin riƙewa, amma ita ce ke ɓata musu rubutu har su kai jarrabawar WAEC da NECO, domin numfashin kowa daban ne. Waƙafin Turanci ginin jimla yake bi.

Inda ba ya shiga

Daga nan ya kamata malami ya fara. Bahaushe ya saba ya ambaci abu, ya ɗan dakata, sannan ya yi magana a kansa: "Babana kam, ya tafi kasuwa." Sai yaro ya kwashi wannan salo ya rubuta "My father, went to the market." A Turanci ba a sa waƙafi tsakanin aikau da aikatau, komai tsawon jimlar. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, harshensa ne ke ja masa hannu, don haka a nuna masa jimlolin biyu kafaɗa da kafaɗa ya ga bambancin da idonsa.

Haka kuma waƙafi shi kaɗai ba ya ɗaure cikakkun jimloli biyu. "It rained, we went home" kuskure ne. Ko a sa aya, ko a ƙara "so" bayan waƙafin.

Inda ba makawa

Wajen jera abubuwa, bayan gabatarwa irin "When the bell rang," da kuma wajen kiran mutum. "Come and eat, Musa" gayyata ce. A cire waƙafin, Musa ya zama abincin. Misalin da ya sa aji dariya da wuya a manta shi.

Waƙafin Oxford

Shi ne wanda ake sawa kafin "and" a ƙarshen jeri. Amurkawa sun fi amfani da shi, marubutan Ingila da yawa kan bar shi. Duka biyun daidai ne, muddin yaro ya tsaya kan guda. Amma ba ƙaramin abu ba ne: a 2017 wata kotun Amurka ta ba direbobin kamfanin madara na Oakhurst, a jihar Maine, gaskiya a ƙarar kuɗin ƙarin aiki, saboda rashin waƙafin a dokar jihar ya sa ma'anarta ta rabu biyu. A 2018 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 5.

Lambobi

A Turanci 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne. A Faransanci kuwa 1,5 ɗaya da rabi ne. Yaron Nijar da ya fara da Faransanci sai an faɗa masa wannan tun da wuri.

Malam, duk waƙafin da yaro ya sa, tambaye shi dalili. In ya ce numfashi ya ja, mayar masa da littafin ya sake.