Ina Kuɗin Inshora Su Ke Zuwa?

Duk wanda ya taɓa sayen babur ko mota ya san ranar yanke takardu. A kan ba mutum lamba, a ba shi lasin, sa'an nan a ce ya kawo kuɗin inshora. Sai ya ƙirga ya miƙa, a ba shi wata takarda, ya ninke ta ya cusa ƙarƙashin sirdi. Ba ya sake duba ta sai ran da ɗan sanda ya tsai da shi a hanyar kasuwa. In ka tambaye shi abin da ya saya da kuɗin nan, sai ya ce, "Ai takardar 'yan sanda ce." To, ba haka ba ne. Bari mu bi sawun kuɗin nan, tun daga hannun mai babur har inda su kan kwana.

Ku dubi abin da mu ke yi a ƙauye. In gobara ta cinye gidan wani, ba a barinsa shi kaɗai. Wannan ya kawo shuci, wancan ya kawo kara, wani ya kawo damin gero, samari su zo gayya. Kafin kasuwa ta sake ci, mutum ya sami wurin kwana. Hasarar da ta isa ta karya mutum ɗaya, da aka raba ta kan mutum hamsin sai ta yi sauƙi. Inshora ma haka ta ke, sai dai ita ba ta jira sai wuta ta tashi. Tun ana zaune lafiya a ke tara gudunmawa a ajiye. Masu tarawar kuwa ba su san juna ba. Mai babur a Gumel da mai babur a Funtuwa suna zubawa cikin asusu guda, ba su taɓa ko gaisawa ba. Mai riƙon asusun shi a ke ce wa kamfanin inshora.

Fataken teku ne suka raya wannan dabara. A birnin Landan, wajen shekara ta 1688, akwai wani mai sai da gahawa, sunansa Edward Lloyd. A shagonsa masu jiragen ruwa su kan taru. Mai jirgi ya ba attajirai 'yan kuɗi kaɗan, su kuwa su sa hannu a takarda cewa in jirgin ya nutse za su biya. Har yau akwai babbar kasuwar inshora a Landan mai sunan mutumin nan. Gobarar da ta cinye gida fiye da 13,000 a birnin cikin 1666 ita kuma ta sa aka kafa kamfanonin inshorar gobara. Wani kamfanin Ingila, Royal Exchange, ya buɗe ofis a Ikko cikin 1921. A 1945 aka yi dokar da ta tilasta wa mai mota a Nijeriya ya yi inshora saboda mutanen da zai iya yi wa ɓarna a kan hanya. Tushen takardar da ke ƙarƙashin sirdinka ke nan.

Nawa a ke biya? Ba zancen zamanin sule da fam mu ke yi ba. Farashin da hukuma ta yanka ya fara aiki ran 1 ga Janairu, 2023. Mai babur ya biya Naira 3,000 a shekara. Mai keke mai ƙafa uku, watau a-daidaita-sahu, Naira 5,000. Mai ƙaramar mota ta shigar kansa, Naira 15,000, maimakon 5,000 da a ke biya dā.

Yanzu ku lura da kyau, gama nan mutane da yawa su ke ruɗewa. Wannan irin inshora ba don baburinka a ke yi ba. In ka faɗi cikin rami ƙafar babur ta lanƙwashe, gyara naka ne. In ɓarawo ya sace shi, kamfani ba zai saya maka wani ba. Wannan sai in ka yi babbar inshora, mai tsada. Ƙaramar nan ta dole, saboda wanda ka yi wa ɓarna ce. In ka buge saniyar wani, ko ka fasa fitilar motar wani, ko ka afka cikin rumfar mai tireda, kamfani ne zai biya a madadinka. Ga mai babur iyakar abin da a ke biya na ɓarnar dukiya Naira miliyan 1 ne, ga mai keke miliyan 2, ga mai ƙaramar mota miliyan 3. In kuma, Allah ya kiyaye, mutum ka ji wa rauni ko aka rasa rai, nan ma nauyin diyya yana kan kamfani. Duk wanda ya taɓa ganin an sai da gona don a biya kuɗin asibitin wanda aka buge, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani zai ce, yaya Naira 3,000 za ta haifi miliyan? Ku ɗauko allo mu yi lissafi. A ce masu babur 1,000 suka biya. Naira 3,000 sau 1,000 ya zama Naira miliyan 3. A ce cikin shekarar mutum huɗu kaɗai suka yi ɓarna, kowannensu ta Naira 400,000. An fitar da miliyan 1 da dubu 600 ke nan. Sauran mutum 996 ba abin da ya same su, kuma kuɗinsu ne aka biya ɓarnar mutum huɗun nan da su. Wannan misali ne kawai na aji. Kamfani yana da ma'aikata masana lissafi, aikinsu ke nan su duba littattafan shekarun baya, su kimanta yawan haɗarin da za a yi. Ba su san wa abin zai faɗa wa ba, wannan sanin Allah ne. Yawan kawai su ke kimantawa.

Saboda haka inshora ba adashi ba ce. A adashi kowa yana da ranar kwasa. Nan kuwa in shekara ta ƙare ba ka yi ɓarna ba, ba za a mayar maka da kome ba. Na sha jin mutane suna gunaguni, wai an cinye musu kuɗi. A ganina, wanda ya shekara bai buge kowa ba, godiya ta kamace shi. Wanda ya ɗauki mai gadi, ai ba ya neman a mayar masa da albashin don ɓarawo bai zo ba.

To, mu koma bin sawu. Galibi ba kamfani ka ke miƙa wa kuɗi hannu da hannu ba. Akwai wakili, wanda kamfani ya ɗauka don ya nemo masa mutane. Akwai kuma dillali, wanda ba na kamfani ɗaya ba ne, shi ya kan zaɓar wa mutum inda ya fi dacewa. Dukansu sai da lasin hukuma su ke aiki. La'adarsu daga cikin kuɗin da ka biya kamfani ya ke fitar musu, kamar yadda dillalin shanu ya ke samun tasa a kara. Dokar inshora ta 2003 ta ba dillali kwana 30 ya kai wa kamfani abin da ya karɓa. Ta kuma ce kuɗin da suka shiga hannun dillali mai lasin, kamar sun shiga hannun kamfani ne.

Da kuɗi sun isa, akawu ya rubuta sunanka, da lambar baburinka, da ranar farawa, da ranar ƙarewa. Sa'an nan a kasa su. Kashi babba a ware shi don biyan diyya, ba a taɓa shi don wani abu. Wani kashi ya tafi ga albashin ma'aikata da hayar ofis da haraji. Wani kashi kuma, ga abin mamaki, kamfani shi ma inshora ya ke yi da shi. Yana tsoron kada wata shekara manyan hasarori su taru su fi ƙarfinsa, sai ya ba wani kamfani da ya fi shi girma wani rabo na kuɗin, don in abu ya yi nauyi su ɗauka tare. Ɗaya daga cikin irin waɗannan manya shi ne Africa Re, wanda ƙasashen Afirka suka kafa a 1976, babban ofishinsa kuwa yana Ikko. Kuɗin da aka ware ba a rumbu a ke zuba su ba. A kan ajiye su a banki, ko a ranta wa Gwamnati, ko a sayi gine-gine da hannun jari, domin su ƙaru kafin ranar biya. Abin da ya rage bayan an sallami kowa, shi ne ribar masu kamfani.

Wa ke tsaron mai riƙon asusu? Akwai hukuma a Abuja, a kan taƙaita sunanta a ce NAICOM, an kafa ta a 1997. Ita ke ba da lasin, ita ke duba littattafan kamfanoni kowace shekara, tana kuma iya ƙwace lasin wanda ya kasa. Kowane kamfani sai ya ajiye wani kaso na jarinsa a Babban Bankin Nijeriya. A watan Agusta na 2025 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta maye gurbin ta 2003. Ta ce kamfanin da ke inshorar motoci da gobara da makamantansu, jarinsa kada ya gaza Naira biliyan 15.

Akwai wata ƙa'ida da ya kamata kowa ya haddace: in ba biya, ba inshora. Dā kamfanoni su kan ba da takarda bashi, kuɗi su maƙale a hannun mutane shekara da shekaru, in an zo biyan diyya a tarar asusu ba kome. Daga 1 ga Janairu, 2013 hukuma ta tsananta, ta ce sai an biya tukuna alkawari zai hau kan kamfani. Ba a cin bashin inshora kamar yadda a ke cin bashin taki, a ce sai kaka.

Nan ne babban ramin ya ke. A bakin tasha da ƙofar ofishin lasin akwai 'yan kamasho masu jaka cike da takardu. Su kan ce, "Kawo rabi in yi maka yanzu yanzu." Takardar tana da tambari, tana da hatimi, tana sheƙi. Amma wadda aka buga a bayan gari, kuɗinta ba su wuce aljihun wanda ya karɓa. Ba asusun da suka shiga, ba littafin da aka rubuta sunanka. Ran da tsautsayi ya auku, ka je neman kamfanin, ko dai ka tarar babu shi sam, ko su duba su ce ba su san ka ba. Sai ka biya diyya daga gonarka, ga kuma laifin yawo ba inshora. Tun 1 ga Fabrairu, 2025 'yan sanda suka ƙara matsa wa masu abin hawa a kan wannan. Arha irin wannan ba ta ado. In farashin hukuma 3,000 ne, wani ya ce ka kawo 1,500, tambayi kanka wa zai cika sauran.

Saboda haka kada ka bar wurin biya sai da rasit. Ka karanta shi da kanka, tun da yanzu ka iya. Dubi sunan kamfani. Dubi sunanka, ko an rubuta daidai. Gwada lambar da ke takarda da wadda ke jikin babur, baƙi da baƙi, gama kuskuren baƙi ɗaya ya isa ya jawo gardama ranar biya. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da babban kundi a kan intanet, inda a ke shigar da kowace takarda ta gaskiya. Da wayar hannu a ke sa lambar abin hawa, sai sunan kamfani da ranar ƙarewa su fito. In ba ka iya ba, ka sa ɗanka ko malamin aji ya duba maka. In an kwana biyu ba ta fito ba, koma wurin wanda ka ba kuɗi tun bai sauya rumfa ba.

Wasu za su ce zuciyarsu ba ta kwanta ba, saboda kuɗin da a ke ajiyewa a banki suna haɗuwa da riba irin wadda addini ya hana. Domin irinsu aka fito da wata hanya, sunanta takaful, watau lamunin juna. A Sudan aka fara kafa kamfaninta cikin 1979. Hukumar Nijeriya ta fitar da ƙa'idodinta a 2013, aka kuma ba kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful lasin a 2016. A nan abin da ka zuba kyauta ce ga asusun jama'a, kamfani wakili ne kawai, yana ɗaukar ladan aikinsa. Ba a sa kuɗin cikin cinikin ruwa ko giya ko caca, kuma akwai malamai masu dubawa. In shekara ta ƙare aka sami rara bayan an biya diyya, a kan raba wa waɗanda ba su karɓi kome ba. Takardar takaful ta abin hawa ita ma hukuma ta yarda da ita.

Ko wacce ka zaɓa, shekara ɗaya ta ke yi. Ranar da aka rubuta a jiki ita ce iyaka, kashegari ba ka da kome sai ka sake biya. In haɗari ya auku, a fara kai wanda ya ji ciwo asibiti, a sanar da 'yan sanda, sa'an nan ka sanar da kamfani da sauri, a rubuce in da hali. Kada ka yi alkawarin biyan kaza a gaban jama'a kafin kamfani ya ji, don su kan ƙi ɗaukar alkawarin da aka yi ba da saninsu ba. In kuwa takardarka ta gaskiya ce, ka cika sharuɗɗa, amma aka yi ta yi maka jeka-ka-dawo, hukumar NAICOM tana da sashen karɓar ƙara. Ka rubuta musu wasiƙa, ka sa lambar takardarka da ranar da abin ya faru, ka haɗa da kwafin rasit, ainihin kuwa ka riƙe a gida.