Lakar da ke cin injin tsohon babur a ɓoye

Duk wanda ya taɓa zama a garejin masu gyaran babura ya san wannan lokacin. Bakanike ya kwance murfin gefen dama na wata tsohuwar Honda, ya sa sukundireba ya kankaro wani abu baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, ya shafa a tsumma ya miƙa wa mai babur. Shi kuma ya yi salati ya ce, "Wallahi, Oga, ban taɓa barin sa babu mai ba." Gaskiya ya faɗa. Kullum yana duba sandar awo, da ya ga man ya yi ƙasa sai ya sayi ɗan kaɗan ya yi ciko. Abin da bai yi ba shi ne juye. Shekara da shekaru yana zuba sabon mai a kan tsoho, dattin kuma yana nan a ciki bai je ko'ina ba.

Wannan lakar ba daga waje take shigowa da siffarta ba, a cikin injin ake dama ta. Idan fetur ya ƙone yana haifar da tururin ruwa, kusan lita guda ta ruwa a kan kowace litar fetur. Mafi yawansa salansa ke fitarwa, amma wani kaso yana silalewa ta gefen ringin fistan ya gangara inda baƙin mai yake, tare da baƙin hayaƙi da fetur ɗin da bai gama ƙonewa ba. A tsohon inji da ringinsa suka ci, wannan yoyon ya fi yawa. Idan injin ya yi zafi sosai na tsawon lokaci, ruwan yakan ƙafe ya fita ta bututun numfashi. Idan kuwa tafiyar daga gida zuwa masallaci ce ko bakin kasuwa, minti biyar a kashe, ruwan zai kwanta ya cuɗe da mai. Shi ne farin abin nan mai kama da kindirmo da ake gani a murfin zuba mai, musamman da sanyin hunturu.

Zafi ma yana da nasa aikin, kuma a ƙasarmu shi ne babba. Tsofaffin babura iska ce ke sanyaya su, ba ruwa ba. A cunkoson titi da rana tsaka a watan Afrilu, inji na aiki iska ba ta kaɗawa, mai yana dahuwa. Masana sinadarai suna da ƙiyasin cewa saurin lalacewar mai yana ninkawa kusan biyu a duk ƙarin maki 10 na zafi a ma'aunin Salshiyas. Man da ya dahu yana yin kauri, yana yin tsami mai cin ƙarfe, yana barin wani fenti mai ruwan ƙasa a jikin duk abin da ya taɓa. Sai a haɗa da ƙurar hunturu da ke shiga ta matacin iskar da ya yage, da garin ƙarfe da na farantin kulochi, domin a irin waɗannan baburan mai ɗaya ne ke hidimar inji da giya da kulochi gaba ɗaya. Duk wannan lodin, man da bai wuce lita guda ba ne ke ɗauke da shi.

Kamfanin Honda ya san wannan matsala tun da daɗewa. A shekarar 1974 ya tura ma'aikatansa su zagaya biranen Tailan, Malesiya, Indunusiya, Filifin, Iran da Pakistan, su ga yadda mutane ke amfani da babura. Suka tarar ana labta wa babur mutane da kaya, ana ci gaba da hawa da man da ya riga ya zama laka, ba a zuwa wurin gyara sai inji ya tsaya. Daga wannan binciken aka ƙera CG125 wadda ta fito a 1975, aka sauko da sandar da ke buɗe bawul zuwa ƙasan inji kusa da mai, domin ta jure sakaci. Shi ya sa ta yi suna, shi ya sa kuma baburan China da yawa suka kwaikwayi injinta. To amma juriya tana da iyaka. An ƙera ta ne don ta daɗe kafin sakaci ya kashe ta, ba a yi alkawarin ba zai kashe ta ba.

Ga inda na fi so mai tsohon babur ya tsaya ya fahimta. Motoci da manyan baburan zamani suna da matacin mai na takarda wanda ake cirewa a jefar. CG125 da ƙananan Honda irin su C70 da C90 ba su da shi. Abin da suke da shi biyu ne. Na farko wata 'yar raga ce ta ƙarfe mai tare manyan tarkace. A CG tana nan a bayan babban murfin da ake kwancewa wajen juye, da sifirin ɗinta. Na biyu wani ɗan kofi ne da ke juyawa tare da karanshaf a ƙarƙashin murfin dama. Mai yana bi ta cikinsa, saurin juyawa yana wurga datti ya manne a bangonsa, tsaftataccen mai ya wuce. Dabara ce mai kyau ƙwarai, sai dai kofin ba ya zubar da abin da ya tara. Ko sau ɗari aka yi juye, abin da ya daskare a ciki yana nan. Ranar da ya cika, datti zai riƙa wucewa kai tsaye zuwa beyarin, ko ya toshe siririyar hanyar man. Na ga babura da masu su ke juye a kan kari amma ba a taɓa buɗe wannan kofin ba tun da aka saye su, domin babu wanda ya gaya musu akwai shi.

Tsofaffin baburan Ingila, irin su Triumph Bonneville da ta fito a 1959 da BSA masu fistan biyu, nasu tarkon lakar a cikin karanshaf ɗin kansa yake, kuma ba a isa gare shi sai an raba injin gida biyu. Idan ya cika, mai ya daina isa beyarin na sandar fistan, sandar ta yi zafi ta kame, wani lokaci ta fasa gangar injin ta fito. Masu tara irin waɗannan baburan a Turai, idan suka sayi wanda ba su san tarihinsa ba, sukan fara da buɗe wannan tarkon kafin su yarda su yi nisa da shi. Vespa ta dā da Suzuki A100 kuwa lissafinsu daban ne: mansu tare da fetur yake ƙonewa, damuwarsu baƙin gawayi ne a salansa da kan fistan, ko da yake man giyarsu shi ma yana son canji.

Akwai wata al'ada da nake roƙon a bari. Mutum ya ga laka, sai ya ɗura kananzir ko gas a inji ya tayar, wai yana wankewa. Kananzir ba ya iya riƙe ƙarfe da ƙarfe kada su gogi juna, kuma lakar da ya ɓamɓaro gunduwa-gunduwa ba ta narkewa. Ragar famfon mai take zuwa ta toshe. Injin da ke ta lallaɓawa sai ya buga bayan kwana biyu da "wankin". Laka mai yawa da hannu ake cire ta: a kwance murfi, a wanke kayan a kwano, a busar, a mayar da sabon gasket. Idan kaɗan ce, a zuba mai mai kyau a yi juye biyu ko uku kusa da juna, ana duba raga kowane karo.

Shi kansa juyen yana da ƙa'ida. A yi shi bayan an ɗan yi tafiya, inji da ɗumi, domin dattin yana yawo a cikin mai sai ya fito tare da shi. A sanyi rabinsa zai kwanta a ƙasa. A ganina, da irin ƙura da zafinmu, bai kamata tsohon babur ya wuce kilomita 1,000 zuwa 1,500 ba a juye masa ba. Mita ta mutu a yawancinsu, don haka a rubuta ranar juye a takarda a ajiye a akwatin gefe. Wanda ke jingine a zaure ana hawa jefi-jefi ma a juye masa aƙalla sau biyu a shekara, kuma a riƙa ba shi tafiyar rabin awa ya gasu ya kori ruwa. Kofin nan kuma a buɗe shi sau ɗaya a shekara, a wanke soson iska duk 'yan makonni da hunturu.

Sai zancen irin man. 20W-50 ya dace da tsohon inji a ƙasa mai zafi. A nemi wanda ke ɗauke da alamar JASO MA, ma'aunin da Japan ta fitar a 1998 domin baburan da kulochinsu ke cikin mai, saboda wasu mayukan mota suna da sinadarin santsi da ke sa kulochi sulɓi. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, babu hatimi babu suna, ba ka san abin da ke ciki ba. Wani tsohon mai ne aka tace, wani kuma ɗanyen mai ne da ba a sa masa sinadaran da ke riƙe datti ba. Arhar da aka samu a kansa ba ta kai kuɗin fistan da ringi ba, balle karanshaf na asali wanda yanzu sai an sha yawo a kasuwar kayan gyara kafin a samu.

Da yawa daga cikin baburan nan gado ne. Wani da shi mahaifinsa ya yi aikin koyarwa ƙauye-ƙauye, wani a kansa aka kai shi makarantar firamare. Idan kana da irinsa a gida, ka kai shi wurin bakaniken da ya san tsofaffin injuna a wannan makon, ka ce ya buɗe murfin dama a gabanka, ka ga abin da ke cikin kofin da idonka.