Dalilin da ya sa tuji da aya-aya ke mamaye filayen golf, da yadda ake maganinsu

A wasan golf, babu wurin da ya kai dandalin da ke kewaye da rami muhimmanci, wanda 'yan wasa ke kira girin. A nan ake gangara ƙwallo zuwa ramin da faɗinsa milimita 108 ne kacal, kuma tushen baƙuwar ciyawa ɗaya ya isa ya karkatar da ita.

Matsalar ta shafi filin golf na barikin soja da ke Minna da takwarorinsa na yankin, irin su filin IBB mai ramuka 18 a Abuja. Damina a Minna kan faro daga Afrilu ta kai Oktoba, kuma ruwan da ke raya ciyawar dandali shi ne ke tayar da abokan gabarta.

A ƙasashe masu zafi, galibi dangin ƙiri-ƙiri ake shimfiɗawa a dandali. Fitaccen nau'insa, Tifdwarf, an fitar da shi ne a garin Tifton na Amurka a 1965. Ana aske shi ƙasa-ƙasa, milimita 3 zuwa 5, abin da ke rage masa ƙarfi. Duk inda ya yi sanƙo, nan baƙuwar ciyawa ke samun ƙofa.

Kowace ciyawa da hanyar shigarta. Tuji na son ƙasar da ta daddale saboda yawan takawa, yana kwanciya har injin aski ya wuce ta kansa, kuma tushe ɗaya kan zubar da dubban iri. Aya-aya na bin wurin da ruwa ke kwanciya; idan aka tuge ganyenta, 'ya'yan da ke cikin ƙasa sai su sake tsirowa. Tofa kuwa daga gefen fili take kutsowa da jijiyoyinta ta ƙarƙashin ƙasa, yayin da irin harkiya da guɗe-guɗe ke shigowa a takalma, tayoyin inji ko yashin da ba a tace ba.

Saboda haka, babban magani shi ne ƙarfafa ciyawar dandali. Ana huda ƙasa domin iska da ruwa su ratsa, a barbaɗa tsabtataccen yashi, a gyara magudanar ruwa kafin damina, a riƙa sauya wurin rami don kada takawa ta taru a gefe guda. Ana wanke injin aski kafin ya hau dandali, sannan a ciro tuji da wuƙa tun yana ƙarami, kafin ya fid da kai.

Feshi na da nasa wuri, amma da sharaɗi. Magani irin oxadiazon ana zuba shi ne kafin irin tuji ya tsiro, wato gab da ruwan farko. Glyphosate, wanda manoma suka saba da shi, ba ya bambancewa: zai ƙone dandalin gaba ɗaya. Yawan maimaita magani guda kuma na sa ciyawa ta daina jinsa, kamar yadda aka gani ga tuji a gonakin Malesiya tun 1997. Wajibi ne a tsaya ga magungunan da hukumar NAFDAC ta yi wa rajista, a kuma bi ƙa'idar awo.

Kulob ɗin da ya yi sakaci damina ɗaya na iya shafe shekaru yana fama da irin da ya zube, ko ya kashe kuɗi mai yawa wajen sake shimfiɗa dandalin daga tushe.