Kwami da Masu Fito a Gulbin Sakkwato

Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau ya nufi Bunguɗu, da rani yashi ne zalla, har yara kan buga ƙwallo a cikinsa. Amma da zarar damina ta kankama, wanda gonarsa ke ƙetare sai ya nemi mai fito.

Jirgin gargajiya na wannan gulbi shi ne kwami. Masassaƙi ke zaɓar gungumen maɗaci ko kawo, ya rarake cikinsa da gizago sannu a hankali, yana ƙwanƙwasa gefe yana sauraron amo don ya san kaurin da ya rage. In ya bar gefe guda ya fi nauyi, jirgin zai riƙa karkata har ya tsufa. Idan ya tsage, sai a cusa tsumma, a shafe da kwalta, a buga gwangwani a kai.

A mashiga kuwa maganar mai fito ita ce doka. Kaya a tsakiya, kowa ya zauna, ba a miƙewa sai an kai gaci. Shi yana tsaye a baya da gwangwala, in ruwa ya yi zurfi ya koma ga filafili, yaronsa na kwashe ruwa da ƙwarya. Ba ya yanke gulbi kai tsaye; yakan haura sama tukuna, ya bar igiyar ruwa ta sauko da shi daidai mashiga. Wannan ilimi na Sarkawa ne, gadon gidan Sarkin Ruwa, kuma a ganina bai samu girman da ya kamace shi ba.

Bazamfaren da ya je Gaya ta Nijar, ko Malanbil ta Benin da ke ƙetaren Kwara, zai ga dangin kwami sun girma: dogayen jiragen katako da aka harhaɗa da ƙusa, inji a baya, maƙare da buhunan albasa. Masu tuƙin da yawa Hausa suke ji.

A gida kuwa manyan itatuwa sun yi ƙaranci, jirage sun tsufa, lodi ya yi yawa. A Satumbar 2024 jirgi ya kife da manoma a Gummi, aka rasa rayuka masu yawa. Mutanen nan gona za su, kuma ba su da wata hanyar ƙetarewa sai jirgi.