Daga Maɗaci da Madobiya Zuwa Jitar Bes

(Kiɗan garaya, sannan a sassauta)

 Yau kudancin Jihar Katsina muka nufa, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, amma ba irin labarin da kuka saba ji daga can muka ɗauko ba. Maganar itace ce, da hannun mai sassaƙa, da wani abin kiɗa mai kaurin murya da ake ce wa jitar bes.

Ko wanda bai san sunanta ba ya san muryarta. Ita ce ke gurnani a ƙarƙashin waƙa, mutum ya ji ta a ƙirji tun kafin kunne ya tantance. Tsirkiyarta huɗu, dukkansu na ƙarfe, kuma mafi kaurinsu kan kaɗa kimanin sau 41 kacal a daƙiƙa guda. Wani Ba'amurke mai suna Paul Tutmarc ya ƙera irinta a birnin Seattle tun shekarun 1930, amma ba ta karɓu ba sai a 1951, da Leo Fender ya fito da tasa mai suna Precision a Kalifoniya. Daga baya kamfanin Alembic, wanda aka kafa a 1969, ya yi suna wajen jera katako kala-kala, a manne su sala-sala, a fitar da jita daga cikinsu. Wannan salon ne ya shafe mu yau.

A ƙasar Hausa kuwa, yawancin abin da ake ji kamar bes a waƙoƙin fina-finai ba daga tsirkiya yake fitowa ba. Tun shekarun 1990 fiyano ƙirar Yamaha ta kama ɗakunan haɗa sauti na Kano, yatsa ɗaya ya wadatar. Jitar kanta sai dai a coci, ko wurin 'yan badujala, ko hannun ƙungiyoyin kiɗa na Nijar irin su Mamar Kassey, waɗanda suka zaunar da ita kusa da molo da kalangu, kuma zaman ya yi kyau.

Sai dai ƙera abin kiɗa mai tsirkiya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Garayar mafarauta da itace ake fafe cikinta, a rufe da fata. Gurmi ƙwarya ce da sanda da fata. Goge da kukuma da gashin wutsiyar doki suke magana. Marigayi Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya zaga duniya, gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya tal. Can a jihar Tawa ta Nijar, Mdou Moctar, wanda yau ake cika filin wasa dominsa a Turai da Amurka, da guntun katako da wayar birkin keke ya harhaɗa jitarsa ta farko. Saboda haka idan wani matashin kafinta a Ƙanƙara ya ce zai gwada, ba a kan fako zai yi shuka ba.

To, me zai nema?

Da farko itace, kuma a nan ne yankin ke da abin bugun ƙirji. Maɗaci, wanda kowa ya san ɗacin ɓawonsa a jiƙon magani, ɗan gida ɗaya ne da jan katakon kurmin Afirka da masana'antun jita ke saye don yin gangar jiki. Namu na nan ya ma fi na kurmi nauyi da tauri. Madobiya kuwa, mai launin zuma da ratsin duhu, da ita makaɗan Gini da Mali ke yanka sandunan abin kiɗansu balafon, domin ko ƙwanƙwasa ta aka yi sai ta yi amo. Ga kanya, 'yar uwar baƙin katakon nan da ake shimfiɗa wa jita a inda yatsu ke takawa. Ga ƙirya, wadda duk matar da ta taɓa daka a turminta ta san ba ta jin duka. Ga marke, ga kawo. Masassaƙin Faskari ba sai an karanta masa wannan a littafi ba, ya san wanda ke tsagewa, ya san wanda gara ke gudu, ya san wanda ke dakushe gizago.

Inda aikin jita ya rabu da na turmi shi ne bushewa. Turmi yana iya ɗan tsagewa a baki, a ci gaba da daka shekara da shekaru. Wuyan jita kuwa, in ya karkace da kaurin farce, kiɗa ya ɓaci. Maƙeran jita na son danshin da ya rage a katako ya sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin 100, kuma tsohuwar ƙa'idar kafintoci ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri, in a iska za a shanya. A jera shi a inuwa, a sa ƙananan sanduna tsakanin falle da falle, a shafe bakin da fenti ko kakin zuma don kada ya dare. Wanda ya sayi ɗanyen katako a kasuwar garin Sheme yau ya ce gobe zai fara, asarar kuɗinsa da guminsa kawai zai yi.

Ga kuma yanayinmu. A watan Agusta iska cike take da danshi, ƙofar katako ta kumbura ta ƙi rufuwa. Hunturu na kamawa, ita wannan ƙofar ta saki har ana hango haske ta gefenta. Katako na shan ruwan iska yana amayarwa muddin yana nan, kuma kowane falle da gefen da yake son lanƙwasawa, gwargwadon yadda jijiyarsa ta kwanta.

Wannan ne dalilin mannawa. Maimakon a fitar da wuya daga gungume ɗaya, sai a tsaga katakon gida uku ko biyar. A juya falle na dama ya fuskanci na hagu, yadda in wannan ya ja gabas wancan zai ja yamma, su riƙe juna. A tsakiya a sa siririn falle na wani icce dabam, misali madobiya tsakanin maɗaci biyu, sai ga ratsi mai kyau ya miƙe tun daga kai har gindi. Mutane kan ɗauka ado ne kawai, alhali ƙarfi aka nema, adon ya biyo baya.

A matso kusa a ga yadda ake yi. Kafinta zai goge fuskokin biyu har sai ya haɗa su ya ɗaga sama bai ga haske ya ratsa ba. Ya shafa farin gam, ba da yawa ba, ya baje shi ko'ina. Sannan ya ɗaure da ƙarafan matsi, tazarar tafin hannu tsakanin ɗaya da ɗaya, yana murɗawa a hankali daga tsakiya zuwa baki, har gam ya fara tsattsafowa ƙanana-ƙanana a tsawon layin. In bai tsattsafo ba, gam ya yi kaɗan. In ya kwarara, an yi ɓarna. Wanda ba shi da ƙarafan matsi yakan yanka tsohon tiyub na mota ya naɗe katakon tam. Daga nan a bar shi ya kwana ya wuni, kada a taɓa. Haɗin da aka yi da kyau, in aka sa ƙarfi aka karya, sau da yawa katakon ne ke tsagewa a gefe, layin gam yana nan.

(Sautin zarto, a taƙaice)

Ko da an manna, wuyan na bukatar mataimaki. Tsirkiyoyin nan huɗu, in an ɗaure su daidai, suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 80, dare da rana. Shi ya sa ake fafe siririn rami a tsawon wuyan a kwantar da sandar ƙarfe mai noti a baki, dabarar da kamfanin Gibson ya yi wa rajista a farkon shekarun 1920. In wuya ya rusuna, a ɗan ƙara noti. In ya banƙare, a sassauta.

Sai lissafi, kuma a nan ido ba ya aiki. Garaya da gurmi wuyansu sumul yake, makaɗi ne ke laluben murya da yatsa da kunne. Bes irin ta Fender kuwa an gindaya mata ƙananan ƙarafa a wuya, kowanne da mazauninsa. Tsawon tsirkiya daga kai zuwa jaki inci 34 ne, wato milimita 864. A raba da 17.817, sai a sami milimita 48 da rabi: nan ƙarfe na farko zai zauna. A cire wannan daga tsawon, a sake raba abin da ya saura, a sami na biyu, kusan milimita 46. Haka za a yi ta yi tazarar na tsukewa. In an yi daidai, ƙarfe na 12 zai faɗo a tsakiya cif, milimita 432. In bai faɗo nan ba, gara a sake allon tun kafin a sa zarto. Ɗalibin sakandare da ya iya rabawa zai iya wannan, kuma da makarantun koyon sana'a za su sa shi a darasi, da yara sun ga inda lissafi ke zama abin da kunne ke ji.

Abin da daji ba zai bayar ba shi ne kayan lantarki: maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai, wanda ke ɗaukar motsin tsirkiya ya miƙa wa lasifika, da makullan ɗaure tsirkiya, da tsirkiyar kanta. Waɗannan sai an aika Kano ko Legas, ko a ciro daga tsohuwar jitar da ta karye. Haɗa wayoyin kuwa bai fi ƙarfin mai gyaran rediyo ba.

Masu sauraro, akwai gefen labarin da ba shi da daɗi, kuma ba za a tsallake shi ba. Dazukan da ke da manyan itatuwan nan, Kogo a ɓangaren Faskari da Kamuku da ke maƙwabtaka da Sabuwa ta wajen Birnin Gwari, sun daɗe da zama wuraren da mai gatari ba ya shiga da kwanciyar hankali. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ta kuma rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, duk saboda 'yan bindiga. Masassaƙa da kafintoci na cikin waɗanda wannan hali ya taɓa wa abinci, ko da yake ba kasafai ake ambatonsu ba.

Ita kuwa madobiya wata masifar ta same ta. 'Yan kasuwar Sin sun yi ta kwasarta daga Afirka ta Yamma don yin kujerun alfarma, jihohi irin su Taraba da Kogi suka ga yadda ake share daji cikin 'yan shekaru. A farkon 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya, a 2022 kuma aka ƙara maɗaci da kawo a jerin. Abin takaici ne a loda gungume a kwantena a kan kuɗi kaɗan, alhali jita ɗaya, wadda nauyinta bai wuce kilo huɗu zuwa biyar ba, 'yan falle kaɗan take ci.

Shi ya sa mai fara wannan aiki ba sai ya sare ko bishiya ɗaya ba. Tsohon ƙyauren zaure, ƙafar gadon da aka jingine, teburin makaranta da ya karye, reshen maɗacin da iskar farkon damina ta kayar a bakin hanya, duk katako ne, kuma na cikin gida ya riga ya sha hunturu da damina ba adadi, ya gama motsinsa. Salon mannawa ma ya dace da irin wannan, tunda ba ya bukatar babban gungume. A cire ƙusoshi, a kankare, a duba ko ƙwaro ya shiga, a jera.

Bayan an fafe jiki, an bi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, an shafa mai, an ɗaura tsirkiya, aikin bai ƙare ba tukuna. Sabuwar jita takan ɗauki makonni tana zama. Mai ita zai danna tsirkiya a ƙarfen farko da na ƙarshe, ya duba tazarar da ta rage a tsakiya, wadda bai kamata ta wuce kaurin katin waya ba, ya gyara noti rubu'in zagaye, ya jira kwana guda ya sake dubawa. A Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, zai maimaita wannan sau biyu kowace shekara: in ruwa ya zauna, da kuma in iskar hunturu ta fara kaɗawa.