Tauraron da ya sauƙaƙa wa masu rediyon sha'awa aiki

Mai ƙaramar tashar rediyo ta sha'awa a unguwar Kongo da ke Tudun Wadan Zariya zai iya zantawa da takwaransa na Brazil ko Indiya ba tare da layin waya ko intanet ba.

Hanyar ita ce tauraron ɗan adam na ƙasar Qatar, Es'hail-2, wanda aka harba a watan Nuwamban 2018, ɗauke da na'urar da ake kira QO-100.

Yawancin taurarin masu wannan sha'awa 'yan mintoci suke yi su wuce, sai an riƙa bin su da eriya. Shi kuwa wannan yana tafiya daidai da juyawar duniya, a nisan kimanin kilomita 36,000, don haka sau ɗaya ake saita kwanon satalayit.

Daga Zariya, tauraron yana kudu maso gabas, kusan digiri 65 sama da doron ƙasa. Ana aika murya a zangon gigahaz 2.4, a karɓa a gigahaz 10.

Sai dai zafin rana yakan sa na'urar karɓa ta riƙa kauce wa zango, abin da ake magancewa ta hanyar haɗa ta da agogon GPS. Ruwan sama mai ƙarfi ma yakan raunana sauti.

Da batir da farantin sola, tashar za ta ci gaba da aiki ko da layukan waya sun katse.

Amma sai da lasisi, kuma lambar kiran tashoshin Najeriya tana farawa ne da 5N.