MURƊAWAR HANJI DA ƘWAYAR DA MUKE SAYA A KEMIS



Da yawa daga cikinmu, in sun kawo amfanin gona Kano daga Rano ko Kura ko Tudun Wada, a tashar Unguwa Uku suke sauka. Bayan an gama ciniki a kasuwar Tarauni, sai a biya kemis a Gyadi-Gyadi a yi guzurin magani a koma gida. Mun lura cewa a cikin wannan guzuri da wuya a rasa wata 'yar farar ƙwaya da ake kira Buscopan, wadda ake sha in ciki ya murɗa. Wani dattijo a ƙungiyarmu ya gaya mana shekara uku ke nan ba ta rabuwa da aljihunsa, amma bai taɓa ganin likita a kan cikin nan ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi magana a kai.

Akwai wani ciwo da likitoci suke kira IBS a taƙaice. Hanjin mutum jijiyar nama ce a kewaye da shi, tana matsewa tana saki domin ta tura abinci gaba. Ga mai wannan ciwo, hanjin yakan matse da ƙarfi fiye da kima, kuma yana da saurin jin zafi. Sai ciki ya murɗa, ya kumbura da iska, yau zawo, jibi ciki ya ɗaure, wani lokaci da majina a bayan gida. Yawanci in mutum ya zaga sai ya ji sauƙi. Bisa ƙa'idar da likitocin duniya suka tsayar a 2016, sai ciwon ya riƙa zuwa aƙalla rana 1 kowane mako har wata 3, kuma ya faro tun wata 6 baya, kafin a ba shi wannan suna. Ba ya kisa, ba ya zama daji, amma yana hana mutum sakewa a gona, har a sujada ma.

To, me ƙwayar take yi? Kowace ɗaya tana ɗauke da miligiram 10 na wani sinadari mai suna hayosin. Aikinsa shi ne ya sassauta jijiyar hanjin nan da ta ƙulle, sai murɗar ta lafa. Iyakarta ke nan. Ba ta kashe tsutsar ciki, ba ta warkar da atini ko taifot ko gyambon ciki, ba ta kuma tumɓuke IBS ɗin kansa. Ga babba wanda likita ya tabbatar masa da ciwon, akan fara da ƙwaya 1 sau 3 a rana, a sha kwanakin da ciki ya tashi, a bari in ya kwanta. Akwai kuma wani mai suna Colofac, na miligiram 135, wanda ake sha minti 20 kafin abinci. Man na'a-na'a da aka ɗura a ƙwanso shi ma yana irin wannan aiki. Kowanne za ku saya, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin.

Ga abin da ya fi damunmu. Maganin yana kwantar da murɗa ko mene ne ya kawo ta, saboda haka yana iya ɓoye babbar cuta har lokaci ya ƙure. Kada a sha shi a zauna gida in akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko rama babu dalili, ko zawon da yake tashin mutum daga barci. Haka kuma in ciwon ya tsaya wuri ɗaya a ƙasan ciki ta dama yana ƙaruwa, ko mutum yana amai ga ciki a kumbure, babu bayan gida babu iska, musamman mai gwaiwa. Wanda ya haura shekara 50 sa'an nan cikinsa ya fara wannan hali, shi ma lalle a duba shi. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan bakin titin Zariya, kusa da kemis ɗin da muke biyawa. Gwajin bayan gida kuwa ko a ƙaramin asibiti ana yi.

Akwai waɗanda Buscopan bai dace da su ba sam: mai irin hawan jinin ido da ake kira gilakoma, da tsohon da fitsari yake yi masa wuya, da mai bugun zuciya da sauri. Mai ciki da mai shayarwa su tambayi likita tukuna. Wanda yake shakkar idonsa, ga Asibitin Ido na ECWA a Sabon Gari. Ƙwayar takan busar da baki, takan ɗaure ciki, takan kuma rage gumi. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga mai aikin lambu da bazara, gama jiki da gumi yake huce zafi. Sai a sha ruwa sosai, a nemi inuwa da tsakar rana.

Mun ji wani yana cewa ai zaƙami ma yana da wannan sinadari, don me za a ba da kuɗi? Gaskiya ne dangin juna ne. Amma na ƙwayar an sarrafa shi yadda ba ya hawa kai, an kuma auna shi. Na zaƙami kai tsaye ƙwaƙwalwa yake tafiya, yana gusar da hankali, yana iya kisa. Kada kowa ya gwada.

Abinci yana da hannu a ciki. Wake, albasa, tafarnuwa, alkama, ɗanyar madara, yaji da yawa, da goro ba karyawa, su ne suka fi tayar da shi, amma abin da ya tayar wa wannan ba lalle ya tayar wa wancan ba. Kada ku bar wake gaba ɗaya don jin labarin wani. Abincin gina jiki ne, mu muke noma shi. Damuwa ma tana tayar da shi, dattijon nan kuwa ya ce nasa ya fi tsanani lokacin biyan bashin taki.

Muna roƙon sakatarorin ƙungiyoyi su taimaki waɗanda ba su iya rubutu ba. A rubuta abin da mutum ya ci kowace rana, da ranar da ciki ya tashi, da ƙwaya nawa ya sha, har mako 4. Ranar da za a kawo kaya Kano, a riƙo takardar nan a nuna wa likita.